Ɗakin kwamfuta a makarantun zango: ilimi za a koya wa yaranmu ko hajar kamfani?

A cikin shekarar 2025 an yi wasu sanarwa da jaridu suka ba da labarinsu a warwatse, kowace a shafinta, alhali duk a ƙofar makaranta ɗaya za su haɗu. A watan Afrilu, Ministan Ilimi Dokta Tunji Alausa ya ce WAEC da NECO za su koma yin jarrabawa da kwamfuta, kamar yadda JAMB ta koma gaba ɗaya tun 2015. A watan Satumba gwamnatin tarayya ta fitar da sabon tsarin karatu na firamare da sakandare, wanda ya sa fasahar zamani cikin darussan dole, ya kuma sa gyaran kwamfuta da wayar salula cikin sana'o'i shida da ɗalibi zai zaɓa. Sai kuma ranar 14 ga Oktoba, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kyauta. Ana ta ja-in-ja a kan yaushe jarrabawar kwamfutar za ta kankama a ko'ina, amma babu mai jayayya a kan inda aka dosa.

Makarantar da nake nufi kowa ya san ta. Tana Agege, tana Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago, tana Sabo ta Badun da Sabo ta Shagamu, tana Aduwawa a Benin da Bogobiri a Kalaba da Ama Hausa a Owerri. Ita ce Islamiyyar da jama'a suka yi karo-karo suka gina, daga baya aka ƙara mata boko da safe, ko kuma wadda wani malami ya buɗe a gidan haya, kuɗin zango ɗaya bai kai abin da ɗan Lekki ke kashewa a takalmin makaranta ba. Iyayen yaran 'yan tireda ne, 'yan gwari, mahauta, masu gadi, 'yan canji, direbobi. Wannan makaranta yanzu dole ta tanadi ɗakin kwamfuta, in ba haka ba iyaye su kwashe 'ya'yansu.

Kuma mun san yadda za a yi. Mai makaranta zai haɗa abin da ya sawwaƙa, ya shiga Computer Village a Ikeja ko kasuwar Alaba, ya sayo tokumbo guda goma ko sha biyar. Mai gyara zai zuba musu Windows da Word da Excel da CorelDraw daga filash ɗinsa, a ba shi na goro. A ɗauko wani yaro da ya yi satifiket na wata uku a shagon buga takardu, a ce shi ne malamin kwamfuta. A ɗauki hoto ranar buɗewa, Sarkin Hausawa ya yanke kyalle, a yi addu'a a watse. A duk wannan hidima babu inda wani zai tsaya ya tambaya: me za a koya wa yaran nan a ciki?

Tambayar ba ta raini ba ce. Ku ɗauki littafin darasin kwamfuta na ɗanku na ƙaramar sakandare ku buɗe. Bayan tarihin na'urar lissafi da sunayen sassan kwamfuta, sauran kusan duk bayanin kayan kamfani biyu ne ko uku: ga yadda ake buɗe Microsoft Word, danna nan, shiga can, wannan akwatin sunansa kaza, wancan layin sunansa kaza. Yaro ya haddace, a tambaye shi a jarrabawa, ya zuba, a ba shi maki. In ka ajiye masa wata manhajar rubutu da ba ita ba, sai ya tsaya cak yana kallonka, wai ba a koya musu wannan ba.

Ku kwatanta da ɗinki. Wanda ya koyi tela a wurin ubangida na ƙwarai, a kan keken Butterfly ya koya, amma in ka zaunar da shi a kan Singer ko babban keken lantarki, rabin yini ya ishe shi ya saba. Dalili, abin da aka koya masa awo ne da yanka da haɗi. Da a ce sunayen kusoshin Butterfly aka haddatar da shi, da ranar da keken ya lalace sana'arsa ta tashi. To haka kwamfuta take. Ilimin shi ne yaro ya san mene ne fayil da inda yake zama, yadda ake tsara takarda ta karantu, yadda ake sa jadawalin lissafi ya tara ya raba ya fitar da riba, yadda saƙo ke tashi daga waya a Fatakwal ya sauka a Kano, yadda ake warware matsala daki-daki har a rubuta wa na'ura umarni ta bi. Wurin da maɓalli yake a Word kuwa, wannan shawarar kamfani ce, kuma suna sauyawa duk sanda suka ga dama. Waɗanda suka yi aikin ofis a 2007 za su tuna yadda sabon Office na shekarar ya kwashe duk jerin umarnin da aka saba da shi ya sake musu mazauni, ƙwararrun masu buga takardu suka koma lalube kamar baƙi.

Ingila ta taɓa shiga irin wannan rami. Shekara da shekaru darasin kwamfuta a makarantunsu koyon kayan ofis ne kawai. A watan Janairun 2012 ƙungiyar masana kimiyya ta ƙasar, Royal Society, ta fitar da rahoto mai zafi a kan lamarin, ministan ilimi na lokacin Michael Gove ya ce za a soke tsarin, kuma daga Satumban 2014 aka fara koya wa yara tunanin warware matsala da rubuta umarnin kwamfuta tun daga firamare. Ƙasar da ke da kuɗin sayen lasisi ke nan. Mu da ba mu da shi, sai ga mu muna shirin fara abin da suka bari fiye da shekara goma da suka wuce.

A nan ne maganar manhaja mai 'yanci ta shigo. (Kalmar manhaja a Hausa tana ɗaukar tsarin karatu, tana kuma ɗaukar abin da ake zuba wa kwamfuta ta yi aiki. A wannan rubutu na biyun nake nufi.) Wani Ba'amurke, Richard Stallman, shi ya fara wannan tafiya a 1983 da shirin da ya kira GNU, ya kafa mata gidauniya a 1985. A 1991 wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar tsarin, wadda ake kira Linux. Sharuɗɗan a taƙaice: kana da damar amfani da manhajar a duk abin da kake so, ka buɗe cikinta ka ga yadda aka rubuta ta, ka gyara, ka kwafa ka ba wani, ko yadda take ko bayan ka gyara. Ba alfarma ba ce, a rubuce take a cikin lasisin. Mafi yawansu ba a biyan ko kwabo, amma asalin maganar ta 'yanci ce, rashin biyan kuɗin ya biyo baya ne.

Kada wani ya ɗauka kayan talakawa ne da ake lallaɓawa da su kafin a sami na gaske. Wayar Android da ke aljihunka, a kan zuciyar Linux aka gina ta. Manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya, tun Nuwamban 2017 babu ɗaya da ba Linux take amfani da shi ba. Galibin na'urorin da ke riƙe da shafukan intanet haka. Yaron da zai nemi aikin fasaha na gaske nan gaba, a banki ne ko a kamfanin sadarwa ko a Yaba inda matasa ke rubuta manhajoji, zai ci karo da shi ko ya so ko bai so ba.

Yanzu mu zo kan abin da ba a son faɗa. Windows da Office da CorelDraw da mai gyara ke zubawa daga filash a kan kuɗin goro, mafi yawansu fasassu ne, wato an karya makullin lasisinsu. Kowa ya sani, an dai saba ne. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris na 2023, ta haɗa har da manhajar kwamfuta. Wani zai ce wa zai zo Agege ya kama makarantar Islamiyya a kan wannan? Wataƙila babu. Amma makarantar da da safe malam ya karantar da babin amana da haramcin cin dukiyar wani ba da yardarsa ba, da rana kuma a shigar da yaran ɗakin da kowace na'ura ke ɗauke da kayan da aka fasa, akwai abin dubawa. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a Disamban 1988, ta yanke cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta shi ba. Akwai malaman da suka sassauta a wasu yanayi, wannan fagensu ne, ba nawa ba. Abin da na sani shi ne, in akwai hanyar da mai kaya da kansa ya ce kwafa ka raba, ba a buƙatar neman fatawa kafin a bi ta.

Ban da haka, fasasshiyar manhaja ƙofa ce a buɗe. Sau da yawa abin da aka yi amfani da shi wajen karya makullin yana zuwa da ƙwayar cutar kwamfuta a ciki. Duk wanda ya taɓa kai filash shagon buga takardu ya dawo ya tarar fayilolinsa sun ɓace ya san zancen. Ɗakin da yara talatin ke sa filash suna cirewa, zango ɗaya ya isa rabin na'urorin su kwanta.

To a sayi na halal mana? A nan lissafi ke tsayawa. Farashin lasisi da dala yake tafiya. Kafin a saki Naira a watan Yunin 2023 dala ɗaya a hukumance wajen Naira 460 take. A cikin 2024 ta haura 1,500. Kuma kamfanonin sun fi son tsarin biya duk wata ko duk shekara, ka daina biya a rufe. Makarantar da ke fama da kuɗin haya da man janareta da albashin malamai ba ta da wannan a kasafinta.

Ga kuma batun Windows 10. Daina kula da shi na nufin in an gano wata ɓaraka ta tsaro ba za a turo maka gyara ba, sai in ka shiga wani shiri na ƙarin wa'adi, shi ma na ɗan lokaci ne. Windows 11 kuwa yana da sharaɗi: sai na'urar da ke da wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da kuma ƙwaƙwalwa ta kwanan nan, a ɓangaren Intel galibi daga zubi na takwas zuwa sama, wato na wajen 2017 da 2018. Dubban ofisoshi a Turai da Amurka suna fitar da na'urorin da ba su cika wannan sharaɗi ba, lafiyarsu ƙalau. Ba sai an yi duba ba kafin a san inda wani kaso zai sauka: Apapa, daga nan Alaba da Ikeja. Ga mai makaranta wannan dama ce, domin kaya za su samu da sauƙi. Amma in fasasshen Windows da aka daina kula da shi za a zuba musu, an sayo matsala ne da araha. Na'urorin nan su ne daidai Linux Mint ko Lubuntu ko Debian, waɗanda ke gudu sumul a kan tsohuwar HP ko Dell, ana kuma turo musu gyaran tsaro ba tare da an biya ba.

Wannan rigima ba sabuwa ba ce a Najeriya, mantawa aka yi. A 2007 an shirya raba ƙananan kwamfutoci 17,000 samfurin Classmate na kamfanin Intel ga makarantun ƙasar nan, kuma wani kamfanin Faransa mai suna Mandriva ya ci kwangilar zuba musu Linux. A ƙarshen Oktoban shekarar, shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, yana kukan cewa an sanar da su za a biya su kuɗinsu, amma za a goge Linux ɗin a sa Windows. Microsoft ta ce ita ba ta karya wata doka ba. Bayan 'yan kwanaki asusun USPF na gwamnatin tarayya, wanda ya ɗauki nauyin 11,000 daga cikin na'urorin, ya ce a bar Mandriva a kansu. Labarin ya zaga duniya. Abin lura a ciki: me ya sa manyan kamfanoni za su yi wannan kokawa a kan kwamfutocin 'yan makaranta a ƙasar da kusan ba a sayen lasisi? Ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya tashi da kayanka, in ya girma ya zama akawu ko darakta, kayanka zai ce a sayo.

Akwai ƙarashen labarin da ya fi burge ni. Kamfanin Mandriva ya rushe a 2015. Amma manhajar ba ta mutu ba, domin tun 2010 wasu daga cikin ma'aikatansa da masu amfani da ita suka ɗauki rubutun suka ci gaba da suna Mageia, wasu kuma da suna OpenMandriva, har yau ana fitar da su. Haka aka yi da LibreOffice, wadda ke yin aikin Word da Excel da PowerPoint: da kamfanin Oracle ya saye mai OpenOffice a 2010, masu aikin suka ga take-taken ba su yi musu ba, suka kwashi rubutun suka kafa gidauniyarsu. Wannan shi ne amfanin 'yancin a aikace. Mai kaya ya mutu ko ya canza ra'ayi, kai ba ka tashi a tutar babu ba.

Sai a gwada da kyautar kamfani. Google da Microsoft duka suna ba makarantu wasu ayyuka kyauta, kuma masu kyau ne, ba a musu. Amma Google ta taɓa ba makarantu ma'ajiya marar iyaka, sai a 2021 ta sanar za ta sa iyaka daga Yulin 2022, jami'o'i suka shiga goge fayiloli. Microsoft ta janye tsarin Office 365 A1 Plus da take ba makarantu kyauta daga 1 ga Agustan 2024. Ba laifi suka yi ba, kayansu ne. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Ga kuma bayanan yaran, suna da shekaru da maki da hoto, duk a na'urar wani a wata ƙasa. A Nuwamban 2022 ma'aikatar ilimi ta Faransa ta ce kada makarantu su yi amfani da nau'in kyauta na Office 365 da Google Workspace, har da dalilin kare bayanai. Mu ma muna da dokar kare bayanai tun Yunin 2023. Mai makarantar da zai buɗe wa yara 200 asusu a wani kamfani, ya dace ya san amanar da ya ɗauka.

Wurin da ya fi dacewa mu leƙa shi ne jihar Kerala ta kudancin Indiya, domin ba masu kuɗi ba ne. Sun fara shirin kwamfuta a makarantun gwamnati a 2001, da kayan Microsoft. Malaman makaranta da ƙungiyarsu ne suka matsa, har zuwa wajen 2007 aka koma manhaja mai 'yanci gaba ɗaya. Hukumar da ke kula da shirin, wadda tun 2017 ake kira KITE, ta haɗa nata zubin Linux da duk abin da darussa ke buƙata a ciki, kuma a 2019 ta ce hakan ya rage wa jihar kashe kimanin rufi biliyan 30 a kan na'urori 200,000. Wannan lissafinsu ne. Abin da ya fi kuɗin muhimmanci shi ne yadda suka yi: malaman aji na yau da kullum aka horar, su kuma suka horar da 'yan uwansu, aka sake rubuta littattafai, aka kafa ƙungiyoyin ɗalibai masu kula da na'urorin makarantarsu da kansu. Sauya manhajar shi ne ƙaramin aikin.

Inda aka yi sakaci da wannan kuwa, an sha wuya. Birnin Munich na Jamus ya kwashe fiye da shekara goma yana mayar da ofisoshinsa kan Linux, a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Siyasa ta shiga, ƙorafin ma'aikata ma ya shiga. A ƙasar dai, jihar Schleswig-Holstein ta yanke a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutoci 30,000 kan LibreOffice da Linux. Wato har a can ba a gama gardamar ba.

Mu ma akwai gaskiyar da dole a faɗa wa iyaye. Kasuwar ɗab'i ta Shomolu da Mushin da CorelDraw take aiki. Yaron da zai nemi abinci a can sai ya iya shi, kuma Inkscape, duk kyanta, ba kowane fayil na CorelDraw take buɗewa daidai ba. Mai ɗaukar sakatare zai tambaya ne ko ka iya Word da Excel. Takardar da aka ƙawata sosai a Word takan ɗan goce in an buɗe ta a LibreOffice. Da yawa daga manhajojin gwajin JAMB da ake sayarwa don Windows da Android aka yi su. Wata firintar sai an sha fama kafin ta yarda. Mafi girma duka, mai gyaran unguwa bai saba da Linux ba, in aka kira shi abu na farko da zai ce shi ne a goge a sa Windows.

Duk da haka ban ga abin da ya rushe maganar ba. Wanda ya iya jadawalin lissafi a LibreOffice, ƙa'idojin tarawa da rabawa iri ɗaya ne a Excel, kwana biyu ya ishe shi. Wanda ya fahimci zane da layi da launi a Inkscape, CorelDraw sabon keke ne kawai. Ita kanta jarrabawar JAMB ba ta tambayar kowa Word: 'yan maɓallai ne, A da B da C da D na zaɓen amsa, N na gaba, P na baya, S na miƙawa. Abin da ke kayar da yaranmu a zauren shi ne tsoron na'urar da rashin saurin karatu a kan allo, kuma wannan kowace kwamfuta tana maganinsa in yaro ya samu zama a kanta. Kuma ba cewa ake a haramta Windows ba. Yawancin tokumbon ofis suna zuwa da lasisinsu na asali a jiki. A bar biyu ko uku da shi, yaran aji na ƙarshe su ga yadda yake, su gwada aiki ɗaya a nan da can. Rashin jingina ga kamfani ɗaya ke nan, har da kamfanonin Linux ɗin. Yaron da ya ga hanya biyu ta yin abu ɗaya, shi ne ya gane abin.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman, mu mazauna kurmi. Yaranmu suna tashi da Yarbanci ko Ibo ko Turancin buroka a waje, Hausa a gida, da yawansu ba su iya rubuta ta ba. Linux yana da tsarin allon rubutu na Hausa da ƙ da ɗ da ɓ, Windows ma yana da shi, sai dai ba a nuna wa kowa. Akwai salon haruffan ajami mai suna Alkalami da ƙungiyar binciken harsuna ta SIL ta yi a kan rubutun Kano, da wani mai suna Harmattan, duka da lasisin 'yanci. Malamin allo zai iya buga darasinsa da irin hannun da ya saba. Da manhajar Kiwix ana sauke Wikipedia, har da ta Hausa, a karanta ba tare da data ba. Scratch, wadda jami'ar MIT ta fitar a 2007, tana koya wa ɗan firamare haɗa umarni kamar wasa, kuma ana iya amfani da ita babu intanet. Python na nan ga manya. Duk waɗannan a filash ɗaya za su shiga, kuma halal ne a kwafa daga Agege a aika Sabo, daga Sabo a aika Anacha. Tun da sabon tsarin karatun ya kawo gyaran kwamfuta a matsayin sana'a, babu abin da ya fi dacewa da shi kamar na'urar da yaro ke da izinin kwancewa ya sake zuba mata manhaja sau goma ba tare da neman lambar lasisi ba.

Hukumar NERDC mai tsara karatu da WAEC da NECO su ke da babban aiki: a rubuta abin da ake so yaro ya iya, a daina sa sunan haja a littafi da takardar tambaya. NITDA, da ke cewa tana son kashi 70 cikin ɗari na 'yan ƙasa su iya fasahar zamani nan da 2027, ya kamata ta faɗi da kayan wa za a iya. Amma wallahi in muka ce sai Abuja ta motsa, yaran da ke aji ɗaya yanzu za su gama ba a fara ba. Makarantunmu na zango masu zaman kansu ne, shawarar abin da za a zuba a na'ura tana hannun mai makaranta da kwamitin iyaye.

Saboda haka in ɗan siyasa ko banki ko wani attajiri ya zo da kyautar kwamfuta, a karɓa a yi godiya, sannan a tambaya: lasisin na shekara nawa ne, wa zai biya in ya ƙare, wa zai gyara? In kuɗin na'ura goma sha biyar ne a hannu, gara a sayi goma, ragowar a kashe a kan malami da batir da sola, don na'ura ba malami ba wuta kayan ado ce. Wajen ɗaukar malamin, a ajiye satifiket gefe, a ba shi manhajar da bai taɓa gani ba a ce ya tsara jadawalin kuɗin makaranta, a ga yadda zai yi. Muna da matasa a Computer Village da masu karatu a LASU da Yabatech da Jami'ar Badun da suka san Linux. Makarantu biyar na unguwa ɗaya za su iya haɗa kuɗi su ɗauki mutum ɗaya yana zagayawa, majalisar Sarkin Hausawa ko kwamitin masallacin Juma'a su tsaya a kai.

Gwajin kansa ba ya cin komai. Ana sa Linux Mint a filash mai gigabait 8, a tayar da na'ura daga kansa ba tare da an goge abin da ke ciki ba. In an cire filash ɗin komai ya koma yadda yake. Mai makarantar da ke shakka ya fara da na'ura biyu a zango mai zuwa, ya zaunar da 'yan aji ɗaya a kansu, a ƙarshen zango ya ba su aiki iri ɗaya da waɗanda suka zauna a kan Windows, ya duba takardun da idonsa.